Tokar Irin Citta

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Mun dawo. Gidan yana nan.

Wannan littafin na citta ne. 'Yata Hyeju ce ta sayo min shi, ta ce in riƙa rubuta ranar yankan iri da ranar dashe, tunda na fara mantuwa. To bari in rubuta abin da ya shafi citta. Jiya Talata da hantsi na yanka iri, yanka tamanin da huɗu, kowane da ido biyu ko uku. Na shafa wa bakin yankan toka, na baza su a kan jarida a ɗakin da daɓensa ya fi ɗumi don su sha iska.

Ƙarfe uku mai unguwa ya fara ihu a lasifika, wutar daji ta taso, iska na kaɗa ta, a fita, a fita, kada kowa ya tsaya ɗaukar kaya. A zauren makarantar firamare muka kwana, duk mutanen Sorigol. An ɗauke lantarkin da ke ɗumama daɓen gidanmu, daɓen ya huce, irin ya kwana cikin sanyi. Citta ba ta yafe sanyi, ko na dare ɗaya ne.

Baban Hyeju ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona ina taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Gida shida sun ƙone a unguwar sama, ke kina nan kina ƙirga citta."

Na fita na wanke tsohuwar garwar nan ta bayan gidanmu. Sau uku na wanke ta.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Lantarki ya dawo. Na jera irin a akwatunan kifi uku, a kan buntun shinkafa mai laima, na lulluɓe da tsohon bargo.

Gidan aminiyata Yaya Malsun yana cikin shidan. Ba abin da ya rage sai bututun hayaƙi da randuna, su ma rabinsu sun fashe. Mijinta, Dattijo Tak, ya riga ya shiga motar mai unguwa, sai ya tuna saniyarsa tana ɗaure. Ya sauka ya koma. Saniyar ta fito da ƙafarta. Shi sai 'yan kwana-kwana ne suka fito da shi. Yana asibitin birni, an ce hayaƙi ya cika masa huhu, an sa masa na'ura.

Na dafa shinkafa babbar tukunya da miyar kabeji, Baban Hyeju ya kai wa waɗanda ke makaranta. Ya ce ba zan zo ba? Na ce gwiwata.

Gwiwata lafiya lau take.

Juma'a, 11 ga Afrilu, da rana

Iskar nan ba ta tsaya ba. Ƙauri har a cikin shinkafa.

Asabar, 12 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Masu bincike sun zo daga gunduma, su huɗu. Tun safe suna rarrafe a gangaren dutsen bayan gidanmu, suna kafa 'yan tutoci ja da rawaya. Ina wanke-wanke ina kallonsu ta taga. Tutocin suka yi ta gangarowa har gefen gonarmu.

Ɗaya ya shigo, sunansa Pyo, bai kai Hyeju shekaru ba. Ya cire takalmi ya jera su da kyau. Na kawo masa shayin citta, ya karɓa da hannu biyu.

Ya ce, "Baba, ranar Talata bayan cin abincin rana, wa ya zaga bayan gidan nan?"

Baban Hyeju bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Ni ne. Na je duba kunyoyin barkono."

"Kuna shan sigari, Baba?"

"Tun kafin a haifi ubanka."

Pyo ya yi murmushi kaɗan ya rubuta. Baban Hyeju ya ciro kwalin sigarinsa da leta ya ajiye a kan tebur, ba a ma tambaye shi ba.

Da zai fita sai ya ga akwatunan. Ya ɗaga gefen bargon ya ce, "Citta a wannan dutsen? Mama, kina da ƙoƙari. Toka kika shafa musu? Kakata ma haka take yi wa dankali."

Na ce, "Tsohuwar toka ce, ta bara."

Ya ce to. Bai rubuta wannan ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

Garwar ba ta nan. Na duba ko'ina. Na tambayi Baban Hyeju, ya ce wace garwa.

Yana ɗaure igiyar takalminsa ya ce, "Ranar Talata kina ɗaki kina yankan citta. Abin da kika sani ke nan. Kin ji ni?"

Na ce na ji.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Tara sun ruɓe. In ka danna sai ruwa ya fito, ga wari kamar na tsumman kicin. Na tsince su, na canza buntun da ke kewaye da su. Saura saba'in da biyar.

Na je zauren tsofaffi kai kayan sawa da na tara wa mutanen unguwar sama. Tun daga bakin ƙofa ina jin hayaniya, ina cire takalmi aka yi tsit. A nan da sunan garinsu ake kiran matar aure. 'Yar Jumunjin, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba, ta karɓi ƙunshin da yatsu biyu. Ta ce, "'Yar Bongdong, ki ce wa mijinki ya koma tsotsar alewa. Alewa ba ta cin gidan kowa."

Wata ta ce, "Ke, bar ta, ita me ta yi?"

Wannan ya fi na farkon ciwo.

A ƙofar gidanmu wani ya zube guntayen sigari, cike da leda. Baban Hyeju ya share su da kansa. Ya daina zuwa wurin da maza ke zama su yi dara. Ya wuni a gidan leda, inda muke rainon shuka, yana gyara abin da bai lalace ba.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Mako guda.

Yaya Malsun tana gidan nan. Ta iso da azahar, tana tura tsohon keken jariran da take dogarawa, da leda ɗaya a ciki, duk abin da ta mallaka ke nan yanzu. Rigar jikinta tawa ce, cikin waɗanda na kai jiya. Ban san ko ta gane ba.

Ta ce, "Daɓen makarantar nan zai kashe ni kafin tsohon. Ki ba ni gefen ɗakinki mai ɗumi."

Na ce, "Yaya, kin san abin da ake faɗa a gari."

Ta ce, "Kunnena bai ƙone ba. Matsa min."

Baban Hyeju ya fito ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. Ta dube shi ta ce, "Kai kuma tafi can, kana tare min rana." Ya kwashi bargonsa ya koma ɗakin ajiya.

Na shimfiɗa mata kusa da akwatunan, nan ne ya fi ɗumi. Ta ɗaga bargon ta leƙa ta ce, "'Ya'yan gata. Ku kuna nan lafiya."

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Ta bi motar takwas zuwa asibiti. Kullum minti ashirin ake ba ta ta gan shi.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da aka kawo ni garin nan. Uwata ta ƙulle min irin citta a cikin zanin gado, ta ce duk inda aka kai 'yar Bongdong, da cittarta take zuwa. A garinmu can kudu ƙarƙashin ɗaki ake haƙa rami, ɗumin murhu ya riƙe iri har bazara. Nan kuwa dusar ƙanƙara takan sauka har a Afrilu. Surukata ta ce in jefar da shi, ba wanda ya taɓa noma citta a Sorigol. Wadda ta fi kowa yi min dariya ita ce Yaya Malsun. Ta tsaya a bakin shinge riƙe da ƙugu ta ce, "Amarya, in wannan abin ya tsiro, ni zan goya ki in zaga gari da ke."

Shekara uku yana mutuwa, ina komawa gida karɓo wani. A ta huɗu na koyi tsirar da shi a ɗaki tukuna, in jira sai ƙasa ta yi ɗumi, in rufe da karan shinkafa mai kauri. Ya yi. Ta zo ta durƙusa a tsakar gida ta ce in hau. Ta kai ni har gaban shagon giyar shinkafa, mutane na tafi, surukata ta yi kwana uku ba ta yi min magana ba.

Tun daga nan duk kimchin da aka haɗa a garin nan, kabejin nan mai yaji da ake ajiyewa don hunturu, da cittata aka haɗa shi. Ƙarama ce, ba ta da kyan gani kamar ta kasuwa, amma tana da yaji. Ranar da na haifi Hyeju hanya ta toshe da ƙanƙara, Yaya Malsun ce ta yanke cibi.

Ban san dalilin da ya sa nake rubuta wannan ba. Ba ranar yanka ba ce, ba ranar dashe ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da safe

Na yayyafa ruwa. Ba tsiro.

Juma'a, 18 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Hyeju ta kira. Wata ƙawarta ta aiko mata da abin da ake rubutawa a waya game da "tsohon Sorigol mai sigari." Tana kuka tana faɗa. "Sau nawa na ce ya daina? Sau nawa, Mama? Ba shi wayar."

Na kai masa. Ya tsaya a ƙofar gidan leda yana cewa, "E. E. Babanki ya yi kuskure. E." Ya miƙo min wayar ya koma ciki.

Ta ce in tattara in taho wurinta a Wonju har ƙura ta lafa. Na ce wa zai duba citta.

Ta ce, "Mama, citta? Yanzu?"

Shida kuma sun ruɓe. Sittin da tara.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Yaya Malsun ba ta je asibiti yau ba, ɗanta Gwangsu ya zo daga Incheon ya karɓe ta. Muka zauna muna tsince ganyen daji, ita tana magana ni ina jin ta. Ba ta maganar gida. Maganar randa take yi, wadda surukarta ta bar mata da ruwan daddawar wake a ciki, kowace shekara ana ƙara sabo a kan tsohon, ya fi shekara sittin. Ta ce da ta je ta tarar ya ƙafe ya zama baƙin gishiri a gindin fasasshiyar randar. Ta lasa.

Na ce zan ɗebar mata nawa.

Ta ce, "Naki na 'yan kudu ne, zaƙi ya yi masa yawa." Sai ta ƙura min ido, har na sunkuyar da kai. Ta ce, "Kin rame. Ke aka yi wa gobara ko ni?"

Na tashi na ce zan duba tukunya. Ba komai a kan wuta.

Lahadi, 20 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

Tsiro na farko. Fari, bakinsa ja-ja, kamar haƙorin jariri. A akwatin tsakiya.

Kowace shekara in na ga wannan, unguwar sama nake hawa in gaya mata. Yau tana kwance a gefensa tana barci, ban tashe ta ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Dattijo Tak ya rasu.

Laraba, 23 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

An kai shi yau. Jiya muka je gaisuwa a zauren makoki na asibiti.

Na ce wa Baban Hyeju kada ya je. Ya ce tare suka yi firamare, tare suka yi soja, in bai je ba wa zai je. Ya sa baƙar kwat ɗinsa. Muna shiga aka daina cin abinci. Ya nufi hoton zai kunna turare, sai Gwangsu ya taso da ƙyallen makoki a hannunsa ya riƙe masa wuyan hannu.

Ya ce, "Kawu, kai da kunna wuta a gaban ubana? Wadda ka kunna ba ta isa ba?"

Ya ja shi. Baban Hyeju bai yi gardama ba, amma ƙafarsa ta harɗe a dokin ƙofa ya faɗi, Gwangsu ya ci gaba da jan sa a ƙasa har baranda, tsakanin takalman mutane. Yaron da Baban Hyeju yake ɗauka a wuya yana ƙarami su je kamun kifi. Ba wanda ya hana. Baban Hyeju ya tashi, ya gyara kwat ɗinsa, ya yi sujada biyu a nan cikin takalma, ya fita.

Ni ba wanda ya taɓa ni. Matan ma sun matsa min wuri, aka ajiye min miya mai zafi. 'Yar Jumunjin ta ce, "Ci, ke ma kina shan naki." Yaya Malsun tana zaune a gefen hoton, idonta a kaina. Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Sai na sa cokali a ciki.

Muka shiga mota. Gwiwar wandonsa ta yage. Na ce ya cire in ɗinke, ya ce bar shi.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da rana

Tsiro talatin da ɗaya. Ban taɓa ganin shekarar da suka fito da ƙarfi haka ba. Ba na son kallonsu.

Juma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Pyo ya dawo shi kaɗai. Ya ce sun sami wuri na biyu, can sama kusa da kaburbura, inda wasu baƙi suka zo gyaran kabarin kakanninsu a wannan makon. An tarar da gwangwanin giya da guntun turare. Iska ta juya sau biyu a ranar, don haka har yanzu ba a san wace ta haɗu da wace ba. Ya ce kuma ba su sami guntun sigari ko ɗaya a gefen gonarmu ba, abin da suka samu daban ne. Bai faɗi ko mene ne ba.

Ya ce ranar Laraba Baba ya zo gunduma ya sa hannu a kan bayaninsa. "Ku yi tunani sosai kafin nan. In aka sa hannu, ya zauna."

Da Baban Hyeju yake magana, amma akwatunan yake kallo.

Bayan ya tafi Baban Hyeju ya ce, "Kin ji? Wataƙila ma baƙi ne." Har ya ci shinkafa kwano biyu. Ni ma na so in ji sanyi a raina. Na zauna na jira, bai zo ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Na zuba ruwa. Kwano biyu na zuba a kan tokar. Na taka da ƙafata.

Na rubuta wannan na soke, na sake rubutawa.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

An kawo wa mutanen unguwar sama kwantenonin da za su zauna a ciki, an jera su a filin da ke gaban zauren tsofaffi. Yaya Malsun ta zo da hantsi ɗaukar ledarta. Tun ranar rasuwa ba ta kwana a nan ba. Ta tarar da ni ina juya irin don tsiron ya kalli sama. Ta zauna ta sa hannu tana taya ni, kamar yadda muka saba. Muka gama akwati ɗaya.

Na ce, "Yaya, ba sigarinsa ba ne."

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Toka nake so. Kara kaɗan na ƙona, a cikin garwa. Na ɗebi wadda nake buƙata, sauran na juye a gefen gona, gindin busasshiyar ciyawa. Na zuba ruwa, Yaya."

Ta ce, "Ina shanya a tsakar gida na hango hayaƙinki. Shekara nawa ina ganinsa? Na ce wa tsohon, ga 'Yar Bongdong can tana yi wa 'ya'yanta hoda. Har ya yi dariya. Ya ce, a wannan iskar?"

Na kasa ɗaga kai. Na ce me ya sa ba ta gaya wa Pyo ba.

"Sau biyu ya tambaye ni. Na ce idona ba ya ganin nesa."

"To me ya sa kika zo kika kwana a ɗakina?"

"Ƙashina yana son ɗumi. Kuma ina so in ga ranar da za ki buɗe bakin nan." Ta ajiye yankan da ke hannunta a hankali, tsiron yana sama. "Kwana ashirin, Sunrye. Na ce za ki faɗa kafin tsohon ya cika. Ba ki faɗa ba. Na ce za ki faɗa kafin a rufe shi. Kina zaune kina shan miya ɗana yana jan mijinki a ƙasa. Ni ma ina zaune. Na bar ɗana ya ɗauki wannan alhakin saboda ina jiran ki."

Rabon da wani ya kira ni da sunana na yanka tun uwata tana da rai.

Ta miƙe da kyar, na kai hannu zan riƙe ta, ta janye. Ta ce, "Wutar, wataƙila taki ce, wataƙila ta baƙi. Wannan ban sani ba, kuma iska ba ke kika kira ta ba. Amma shirun naki ne. Daga yau kada ki ce min Yaya."

Ta bar rigata a ninke a kan shimfiɗa. Ashe ta gane.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Na gaya masa gobe tare za mu. Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba.

Ya ce, "Duk abin da na sha a banza ke nan? Wandon nawa a banza ya yage?"

Na ce ba ni na sa shi ba.

Ya ce, "Ke ba ki san garin nan ba. Ni a nan aka binne cibiyata. Za su zage ni shekara biyu, uku, su gaji, ranar bikin wani su miƙo min kofi. Ke fa? Shekara arba'in da ɗaya, har yau da sunan garinku suke kiran ki. Za su ce dama mun faɗa, abin da ba na ƙasar nan ba ne ta nace sai ta shuka. Ba mai sake cin abin hannunki."

Na ce na sani.

"To?"

Na ce, "Yaya Malsun ta ga hayaƙin."

Ya zauna a kan buhun taki. Ya laluba aljihu, babu sigari, tun ranar da ya ba Pyo bai sayi wani ba. Can ya ce, "Motar takwas ko ta goma?"

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Na faɗa. Bai kai minti goma sha biyar ba. Pyo ya rubuta, ya karanta min, na dangwala yatsa. Ya tambayi inda garwar take, Baban Hyeju ya ce tana ƙarƙashin tulin taki. Ya yi wa Baban Hyeju faɗa kamar shi ne babba, ya ce wannan ma sai an rubuta.

Na ce, "Ɗana, ka gaya min gaskiya. Tawa ce?"

Ya ce, "Mama, ba zan iya ce miki taki ce ba, ba zan iya ce miki ba taki ba ce. Wataƙila ba za a taɓa sani ba. Amma kunna wuta kusa da daji a wannan watan laifi ne da kansa, za a kira ki."

Na ce a kira.

A tasha Baban Hyeju ya sayo mana taliya mai zafi. Na cinye har romon.

Juma'a, 2 ga Mayu, da yamma

Gari ya ji. Yanzu in na wuce ba a yin shiru, ana ci gaba da magana da ƙarfi don in ji. 'Yar Jumunjin ta aiko jikarta da kwalbar garin cittar da na ba ta bara, ta ajiye a ƙofa. Hyeju ta kira, ta ce in ba Babanta. Sun fi rabin awa. Da ya fito idonsa ja.

Gwangsu ya zo da hantsi kafin ya koma Incheon. Ya durƙusa a tsakar gida gaban Baban Hyeju. Baban Hyeju ya ɗaga shi ya ce, "Tashi, uba ka rasa." Ni bai kalle ni ba. Ban sa ran zai kalla ba.

Talata, 6 ga Mayu, da safe

Raɓa ta daskare jiya a kan rufin gidan leda. Ba dashe tukuna. Tsiron ya kai tsawon yatsa, ya fara neman haske. Sittin da ɗaya suka rage.

Maza sun aiko a kira Baban Hyeju dara. Ya ce a gaya musu yana da aiki.

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Dashe. Na tura hannu cikin ƙasa da safe, ba ta cije ni ba.

Na yi niyyar barin su su mutu a akwati. Wa zai ci? Amma da na fito na tarar Baban Hyeju ya riga ya ja kunya huɗu a gaban gida, nesa da dutsen. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa sa hannu a cittata ba, yakan ce aikin 'yan kudu ne. Kunyoyin sun karkace. Ban gyara ba. Ina sawa yana rufewa, yana bi da kara.

Muna kunya ta biyu na ji ƙarar keken jarirai a kan hanya. Ta tsaya a bakin shinge. Ta rame, an yanke mata gashi. Na miƙe da laka a hannuna, ban san da me zan kira ta ba, don haka ban kira ta ba.

Ta daɗe tana kallon kunyoyin. Sannan ta ce, "Takwas ga Yuni ne addu'ar kwana arba'in da tara ta tsohon. A haikalin kan tudu, ƙarfe goma."

Na ce to.

"Kada ki kawo komai. Ko shinkafa, ko kuka. Ki tsaya can baya inda ba zan gan ki ba."

Na ce to.

"Amma ki zo. Shi ne ya ce a wannan iskar. Ki zo ki ba shi amsa da kanki."

Ta juya kekenta ta gangara. Na tsaya har ta sha kwana. Baban Hyeju ya miƙo min yanka na gaba, ya ce, "Tsiron sama ko ƙasa?"

Na ce sama.